Na'ura ba ta ƙarya? To ku tambayi zafin Ƙonni

Akwai wata magana da ta kama bakin mutanenmu daga Birnin Ƙonni har Illela: "Ai na'ura ce ta faɗa." Da an soki yatsar tsoho, lamba ta fito, shi ke nan an rufe zance. Ni kam ban yarda ba, kuma ina son ku ma ku daina yarda ido rufe.

Na'urar auna sukarin jini lissafi kawai take yi. Aikin gaskiya yana kan ɗan tsinken nan da ake cusa mata, wanda ma'aikatan lafiya ke kira bandaleti. A bakinsa akwai wani sinadari da ake ce ma anzim, galibi gulukos oksidas ko ɗan'uwansa gulukos dehidirojenas. Shi ne ke kama sukarin da ke cikin ɗigon jini, ya haifar da ɗan ƙaramin lantarki, na'ura ta mai da shi lamba. Leland Clark da Champ Lyons ne suka kawo wannan dabara a Amurka a 1962. To shi anzim ɗin furotin ne, dangin farin ƙwai. Zafi na lalata shi sannu a hankali, kuma in ya lalace ba ya dawowa. Wa ya taɓa mai da dafaffen ƙwai ɗanye?

Ɗauki kwalin ka karanta. Yawancinsu cewa suke a ajiye tsakanin digiri 4 da 30. Yanzu faɗa mini, ina digiri 30 yake a Malbaza cikin Afrilu ko Mayu, lokacin da inuwa kanta ke wuce 40? Balle cikin shago mai rufin kwano da tsakar rana. Kafin ma kayan su iso hannunmu sun sha hanya. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya da yawa ta Lome suke bi, su ratsa Burkina Faso cikin manyan motoci, su yi ta jira a rana. In sun iso, sai matsalar kuran. Ba mu manta da Agustan 2023 ba, da Najeriya ta yanke mana wuta: fanka ta tsaya, firigo ya zama akwatin ajiya. Kwanan watan da ke jikin kwali bai san duk wannan ba. Alkawari ne da kamfani ya yi bisa sharaɗin an ajiye kayan yadda ya ce.

Ga kuma abin da muke yi da hannunmu. Robar da bandaleti ke zuwa ciki an yi ta ne da abin shanye laima, shi ya sa ake cewa a rufe ta da an ciri guda. Amma talaka ba shi da kuɗin roba cikakkiya, sai a zube masa biyar cikin leda, ya sa aljihu, ya hau kabu-kabu zuwa ƙauye. In damina ce, laima ta ƙarasa abin da rana ta fara. Na'urar kuwa sau da yawa ba za ta ce maka komai ba. Lamba za ta ba ka, mai kyan gani, wadda ta haura gaskiya ko ta gaza mata.

Wani zai ce, "Kai malam, da babu gara ba daɗi." A nan karin maganar bai yi aiki ba. Wanda bai auna ba ya san bai sani ba, zai yi taka-tsantsan. Wanda ya auna da mataccen tsinke ya ɗauka ya sani. Daga giram 1,26 a lita kafin karin kumallo ake fara zancen ciwon sukari, ƙasa da 0,70 kuma sukari ya faɗi. Ko tsinke mai lafiya, ƙa'idar duniya ta ISO 15197 ta 2013 ta yarda masa da kuskuren da ya kai kashi 15 cikin 100. Ƙara ɓarnar zafi a kai. Mai allurar insulin ya ga lambar da ta haura gaskiya, ya ƙara allura, ya suma a gona. Yaro mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda faɗuwar sukari na cikin abubuwan da ke kashe irinsa, a auna a ga kamar lafiya lau. In irin wannan ta faru sai mu ce kwana ya ƙare. Allah ne mai kwana, ba musu, amma wa ya bar kwalin a rana?

Don haka ga abin da nake nema. Masu zuwa da kyautar na'urori, a yi biki a ɗauki hoto, su faɗa mana inda za a ajiye tsinkayen da kuma wa zai kawo na gaba. Kowane ma'ajiyar magani ta CSI da kowace faramasi a rataya ma'aunin zafi, a rubuta abin da ya nuna kullum. A samar da ruwan gwaji mai sanannen yawan sukari, wanda kamfanonin ke yi don a tabbatar tsinke na da rai. Hukumomin lafiya na jihar Tawa da ɗakin binciken LANSPEX su riƙa ɗibar samfuri daga kasuwannin Ƙonni, Malbaza da Illela cikin bazara, su auna, su bayyana sakamako kowa ya ji.

Mu kuma matasa, mu ne ke sayo wa iyayenmu. Kar ka karɓi tsinke tsirara cikin leda. In kuɗi bai kai ba, kai tsohon a auna shi inda robar ke rufe. Ajiye taka a ɗaki mafi sanyi, ba kan taga ba, ba ƙarƙashin kujerar babur ba. Rubuta ranar da ka buɗe ta, don wasu wata uku zuwa shida kawai suke yi bayan buɗewa. In lamba ta saɓa wa abin da jiki ke faɗi, mutum na rawa, yana gumi, ya ruɗe, kar ka tsaya gardama da na'ura. In yana iya haɗiya ba shi sukari, ka kai shi likita.

Gobe in ka shiga faramasi, yi wa mai sayarwa tambaya ɗaya: ina kwalin nan ya kwana? In ya fusata, ka sami amsarka.