Ganin Likitan Ƙwaƙwalwa Ba Laifi Ba Ne: A Saurari Kadet Kafin A Sallame Shi



Yau ba maganar takara zan yi ba. Magana ce kan yaranmu da ke shiga makarantar horas da hafsoshin soja ta NDA da ke Kaduna, da abin da ya kamata a yi idan aka ce za a sallami kadet saboda an gano ya taɓa zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ra'ayina a taƙaice shi ne: hukuma na da ikon sallamar wanda ba shi da lafiyar aikin, amma tsohuwar takardar asibiti ita kaɗai ba ta isa hujja ba. A duba yaron yadda yake a yau, a ba shi dalili a rubuce, sannan a bar masa ƙofar ɗaukaka ƙara.

Duk wanda ya taɓa raka ƙaninsa neman NDA ya san wuyar abin. Tun 1964 da aka kafa ta, gurbinta ba ya samuwa a ɓagas. Ka ci jarrabawa, ka tsallake gwajin lafiya da na ƙarfin jiki da ganawa da kwamitin tantancewa, kuma kowace jiha 'yan ƙalilan ake ɗauka. Shekarun shiga 17 zuwa 21 ne. Kadet ɗin sojan ƙasa shekara 5 yake yi, ga digiri ga horo. To ka ga wanda aka sallama a shekara ta uku, ya rasa kaki, karatunsa ya tsaya, wataƙila ma shekarun sake nema sun wuce shi. A unguwa kuma an riga an yi masa suna, "wanda aka koro saboda taɓin hankali". Wannan sunan har wurin neman aure zai bi shi.

Masu cewa aikin soja ba wasa ba ne suna da gaskiya. Hafsa bindiga yake riƙewa, rayukan yaransa na hannunsa, a daji yake kwana. Wanda ke jin muryoyin da babu su, ko wanda ciwonsa ke tashi yana kwantawa, ba a yi masa adalci ba idan aka tura shi Sambisa, kuma ba a yi wa na ƙasa da shi adalci ba. Babu mai hankalin da zai ce a rufe ido kan irin wannan.

Matsalar ita ce kalmar "tarihin ciwon ƙwaƙwalwa" buhu ce da ake zuba komai a ciki. Yaron da mahaifinsa ya rasu yana aji uku na sakandare, ya daina barci, aka kai shi asibiti ya sha magani na 'yan watanni ya warke, yana cikin buhun. Wanda ke da ciwo mai tsanani na tsawon rayuwa shi ma yana ciki. Likitoci sun san waɗannan ba ɗaya ba ne, don me takardar sallama za ta mai da su ɗaya?

Mu a Arewa abin ya fi shafarmu. Ku tuna ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka sace a Disambar 2020. Ku tuna ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka da aka kwashe a Maris 2021, maƙwabtan NDA ɗin kanta. Ƙananan cikin yaran Ƙanƙara yanzu ne suke kaiwa shekarun neman NDA. Idan ɗayansu ya samu kulawar likita bayan firgicin da ya gani a daji, ya warke, ya ce shi soja zai zama don kada a sake yi wa wani yaro haka, sai mu ce masa takardar asibitinsa ta hana shi? Haba jama'a.

Ga kuma abin da ya fi ba ni tsoro. Wanda iyayensa suka kai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko na Kware ko na Maiduguri, shi ne mai fayil. Wanda aka kulle a ɗaki aka ce kada maƙwabta su ji, ko wanda ke danne damuwarsa da ƙwaya, ba shi da fayil ko ɗaya, sai ya wuce salin alin. Kun ga tsarin da ke kora saboda tarihi kawai, mai gaskiya yake kamawa, mai ɓoyewa ya tsira. Sauran kadet kuma sun ɗauki darasi: komai ya dame ka, yi shiru. Sojan da ya koyi wannan shirun tun a makaranta, da shi zai je fagen daga.

Mu leƙa Amurka, ba don su waliyyai ba ne. Suna da shirin ROTC tun 1916, inda ɗalibi ke karatu a jami'a yana karɓar horon zama hafsa. Ƙa'idar lafiyar ma'aikatar tsaronsu a rubuce take, kowa na iya karantawa. Kan ciwon damuwa, misali, ta faɗi abin da ke hana mutum: jinyar da ta wuce wata 12 jimilla, ko alamun ciwon ko shan magani cikin wata 36 da suka wuce, ko kwanciya a asibiti, ko dawowar ciwon. Ko an ce bai cancanta ba, yana da damar neman sassauci, ya kawo bayanan likitansa a sake dubawa. Wanda kuma ya ɓoye da gangan aka kama shi, za a iya bin sa kuɗin karatun da aka kashe masa. Tun 2022 da suka fara janyo bayanan asibitin masu neman shiga soja ta kwamfuta, ɓoyon ma ya yi wuya, kuma su ma suna kukan jinkiri. Amma dai yaro ya san ma'aunin da za a auna shi da shi.

Mu ma ba mu rasa madogara ba. A Janairun 2023 tsohon Shugaba Buhari ya sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2021, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Sabuwar dokar ta hana nuna wariya ga masu wannan larura, har da korar ma'aikaci don kawai ya taɓa samun ta. Lauyoyi za su yi gardama kan iyakar da take kaiwa cikin bariki, amma manufarta a fili take. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a saurari mutum kafin a yanke masa hukunci. A 1986, a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, Kotun Ƙoli ta soke korar ɗalibai saboda ba a saurare su yadda ya dace ba. Waccan ta ladabtarwa ce, wannan ta lafiya, amma asalin ɗaya ne: ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa.

Iyaye, idan abin ya faɗo gidanku, ga shawara. Tun farko kada yaro ya yi ƙarya a fom, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ƙarya laifi ce daban da ta fi ciwon wuyar karewa. Ku nemi dalilin sallamar a rubuce. Ku karɓo rahoton likitan da ya yi jinyarsa, ku kuma kai shi wurin ƙwararre a asibitin gwamnati ya duba shi sabo. Ku rubuta wa Kwamandan makaranta cikin ladabi, ku ajiye kwafi, domin soja na da matakan kai koke kuma kotu kan so a fara bin su. Ku ga lauya da wuri, don dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar na shigar da ƙara. Kuna kuma iya miƙa koke ga Majalisar Tarayya ta hannun ɗan majalisarku.

Sanatocinmu da 'yan majalisar wakilai, musamman na kwamitocin tsaro, abu huɗu muke nema. A wallafa ƙa'idar lafiyar ƙwaƙwalwa da ake auna kadet da ita. Kada a sallami kowa sai ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ya zauna da shi ido da ido. A kafa kwamitin likitoci na biyu, wanda ba shi ya yanke hukuncin farko ba, don sauraron ɗaukaka ƙara. Wanda kuma aka tabbatar ba zai iya ba, a ba shi sakamakon karatunsa cikin mutunci ya ƙarasa digirinsa a wata jami'ar. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Matasa, ku tura wa wakilin mazaɓarku wannan rubutu, ku tambaye shi matsayinsa. Allah ya kare sojojinmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.