Aron Kayan Aski: A Rubuta Kafin A Miƙa

Sharhinmu na yau a kan aron kayan aski ne, da yadda za a ba da aro ba tare da an yi asara ba.

A Amurka da Ingila da Jamus akwai mutanen da suka mayar da askin gemu abin sha'awa. Ba wanzamai ba ne, ba kuma da shi suke ci ba. Tara kayan aski kawai suke yi: askar da aka ƙera a Solingen ta Jamus, inda kamfanin Dovo yake aiki tun 1906, da ta Sheffield a Ingila, da ta Thiers a Faransa, da tsofaffin marikan reza na Gillette, wanda ya sami rajistar ƙirarsa a 1904. Wasu daga cikin kayan nan an daina ƙera su shekaru da dama, in sun ɓata ba shagon da za ka je ka sayo sabo. Duk da haka suna ba juna aro. Mai aska mai tsada zai saka ta a kwali, ya aika ta gidan waya, ta zaga hannun mutum goma ko fiye, kowa ya gwada ya tura wa na gaba, alhali yawancinsu ba su taɓa haɗa ido ba.

To, ta ina asara take shigowa? Ɓarawo ba shi ne kan gaba ba. Sau da yawa sakaci ne. Wani ya karɓi kwali ya ajiye, tafiya ta kama shi, ya manta. Wani ya bar aska da danshi ta yi tsatsa, ko ta suɓuce ta bugi bakin famfo, kaifinta ya ɓantare. Wani ya aika kaya ba shaida, suka ɓace a hanya, aka rasa wanda za a tambaya. Daga nan sai zargi, daga zargi sai mai kaya ya rantse ba ya ƙara ba kowa aro.

Maganin da suka samo ba wani abin mamaki ba ne. Ana rubuta sunayen masu jiran kaya bi da bi, a yanke wa kowa kwanakin da zai riƙe, galibi mako ɗaya ko biyu. Wanda ya karɓa zai sanar cewa kaya sun iso, ya ɗauki hotonsu yadda ya same su. Wanda zai tura zai karɓi lambar bin sawu daga gidan waya, in kayan masu daraja ne ya biya inshora. Sabon shiga kuwa ba a fara shi da abu mai tsada sai an san halinsa. Abu mafi muhimmanci shi ne, tun kaya ba su bar gida ba an riga an amince wanda zai biya in sun lalace.

A ganinmu wannan na ƙarshe shi ne gishirin maganar, kuma a nan ne ta shafe mu. Ku dubi injin askin da ke yawo tsakanin samarin majalisa ɗaya, musamman jajibirin Sallah. Wane ya ara wa wane, shi kuma ya ba ƙaninsa, bayan kwana uku ba injin, ba caja, kowa na cewa ba a hannuna ya kwana ba. Kunya ke hana mu cewa, "Malam, yaushe za ka dawo da shi?" Muna ganin tambayar kamar rashin yarda ce. Alhali malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware wannan. A Risala ta Ibn Abi Zaid an bayyana cewa wanda ya ari abin da za a iya ɓoyewa, shi ke da lamuninsa in ya ɓata; malaman mazhabar suka ƙara da cewa sai fa in akwai shaidar cewa ya salwanta ba da sakacinsa ba. Aska da injin aski kuwa ko aljihun riga ya ishe su ɓuya.

Akwai kuma asarar da ta fi ta kuɗi. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana bakwai a wajen jiki. Shi ya sa masu wannan sha'awa suke wanke kaya da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin su tura, wanda ya karɓa ya sake wankewa. Rezar da aka riga aka yi aski da ita kuwa ba ta shiga aro ko kaɗan, kowa da tasa sabuwa.

Ba muna cewa a hana aro ba. Hana ɗan'uwa ɗan abin amfani abu ne da addini ya zarga. Amma mai sauraro, in za ka miƙa injinka gobe, ka faɗi ranar dawowa, ka aika saƙon waya ya zama shaida, ka kuma gaya wa mai aro kada ya wuce da shi hannu na uku sai da saninka.