Ba Duk Mazauni Ne Cima-Zaune Ba

Jama'a, akwai wata ɗabi'a tamu da ya kamata mu sake dubawa, watau da mun ga mutum ba ya sammakon fita aiki sai mu laƙaba masa lalaci. A ganina wannan hukunci ne ba bincike, kuma bai dace da wanda zai zama malami ba.

Masu ƙidayar ma'aikata sun kasa baligai kashi uku. Akwai mai aiki. Akwai marar aiki, shi ne wanda ya rasa, amma yana nema, in ya samu zai kama. Na uku shi ne wanda ba ya aikin, ba ya kuma nemansa. A kan wannan na uku nake magana. Sanya mutum cikin wani kashi kuwa ya danganta ga mudun da aka auna shi. A 2020 ma ba a daina tsohon awo ba: ofishin ƙididdiga na Nijeriya ya ce marasa aiki a ƙarshen shekarar sun kai 33.3 bisa ɗari. Cikin 2023 aka sake mudu, aka ce ko sa'a guda mutum ya yi aikin samun kuɗi a mako, ma'aikaci ne, da can kuwa sai ya cika sa'a 20. Nan da nan lissafi ya faɗo 4.1 bisa ɗari. Ashe alƙalami ya iya rage marasa aiki ba tare da tukunyar kowa ta ƙaru ba.

To, su wa ke cikin kashi na uku? Akwai ɗan makaranta, wanda shuka yake yi, girbi sai gaba. Akwai tsoho da ya ci lokacinsa, da majinyaci, da naƙasasshe wanda ba wanda ya koya wa sana'a. Akwai kuma matan aure, masu daka da girki da reno tun asuba har bayan lisha, amma da yake ba a biyansu, littafin ƙidaya ba ya kiran wannan aiki. Sana'arsu ma takan ɓuya. Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta zauna Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta fid da littafi cikin 1972, ta nuna yadda matan kulle ke ciniki daga cikin gida, yara na kai musu talla. In mai ƙidaya ya tsaya a zaure, maigida ya ce iyalinsa ba ta aiki, wa zai rubuta ƙuli-ƙulinta da furarta?

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne saurayi lafiyayye mai takardar shaida, wanda ya yi ta yawon ofis-ofis har takalminsa ya suɗe, kāna ya fid da rai, ya koma gindin bishiya. Ran da ya daina nema, ran nan sunansa ya fita daga marasa aiki, lissafi ya yi kyau, shi kuwa yana nan jiya i yau. Wani zai ce ai akwai ragwaye na ainihi. Gaskiya ne, akwai su. Amma kada a yi wa kowa kuɗin goro, gama maganin majinyaci dabam, na wanda ya yanke ƙauna dabam.

Saboda haka, 'yan'uwana masu koyon malanta, in kun kama aiki ku haɗa wa yara karatu da sana'ar hannu, ko noma ko saƙa ko sassaƙa, don kada wanda ya rasa kujerar ofis ya zaci duniya ta ƙare. In kuwa kun ga mutum zaune, ku tambayi dalili tukuna. Allah ya ba mu abin yi mai albarka, amin.