Wa ke auna masu ba da shawara? Darasi daga Ingila da Faransa

A cikin watan Yuni na shekarar 2024, wata babbar kotu a birnin London ta hukunta wa wani mutum biyan diyyar da ta haura fam dubu 200 ga wata mata wadda ta je wurinsa neman sauƙin damuwar rai, shi kuwa ya ci zarafinta a cikin ɗakin da ta shiga bisa amana. Abin da ya ƙara tada hankalin jama'ar ƙasar shi ne jin cewa babu wata doka a Ingila da ta hana kowane mutum ya kafa allo a ƙofar gidansa, ya kira kansa mai ba da shawara kan damuwar rai, ko da bai taɓa zama a aji na yini ɗaya ba. Tun daga nan wasu ƴan majalisa suka sāke tada maganar kafa doka, tsohuwar tambaya kuma ta dawo: wane ne ke shaida cewa mutum ya iya wannan aiki, kuma wa ke shaidar mai shaidar?

Aikin ba da shawara ya bambanta da sauran sana'o'i ta fuska guda mai muhimmanci. Magini in ya karkatar da bango kowa zai gani, tela in ya ɓata riga mai ita zai mayar masa. Amma mai ba da shawara yana aikinsa ne a bayan ƙofa rufe, tsakaninsa da mutum guda wanda baƙin ciki, ko mutuwar aure, ko rashin wani nasa ya raunana, kuma sirri shi ne sharaɗin farko na zaman. Wanda ya zo neman taimako ba ya cikin halin da zai iya auna gwanintar mai taimakonsa. Saboda haka takardar shaidar da ke rataye a bango ita ce kusan dukkan abin da yake dogara da shi, darajar takardar kuwa tana ga amincin wanda ya sa mata hannu.

Gwamnatin Birtaniya ta taɓa ɗaukar niyyar shiga tsakani. A shekarar 2007 ta bayyana aniyarta ta sanya masu ba da shawara ƙarƙashin hukumar da ke kula da ma'aikatan kiwon lafiya, kuma a 2009 aka yi hakan ga masana halayyar ɗan Adam masu duba jama'a. Amma gwamnatin da ta biyo baya ta janye daga wannan hanya a 2011. Maimakon tilas sai aka zaɓi rajista ta ganin dama: dokar shekarar 2012 ta bai wa wata hukuma mai suna PSA ikon bincikar ƙungiyoyin ƴan sana'a, ta amince da kundin sunayen waɗanda suka cika sharuɗɗanta. Da haka nauyin tace gwani daga ɗan koyo ya koma kan makarantu, da hukumomin ba da takardun shaida, da ƙungiyoyin su kansu.

Tsarin da ake bi yana da hawa-hawa. Malamin aji shi ne mai awo na farko: yana kallon ɗalibi yana gwada sauraro da abokan karatunsa, yana duba rubuce-rubucensa da kundin ayyukan da ya tara. Daga nan wani malami na makarantar, wanda bai koyar da ajin ba, ya ɗauki wasu daga cikin kundayen ya duba ko an yi awo da mudu ɗaya. Hawa na uku shi ne na baƙo, wato mai binciken da hukumar ba da takardar shaida ke turowa daga waje, kamar hukumar CPCAB wadda aka kafa a 1993 musamman domin wannan fanni. Shi wannan baƙo yana zaɓen kundaye, yana ganawa da malamai, rahotonsa kuma na iya jawo a dakatar da bayar da takardu in an ga an sassauta. Su kuma hukumomin ba da takardun, hukumar Ofqual ce ke sa musu ido, wadda ta sami cikakken ikonta bisa doka a 2010.

Dalilin shigo da baƙo a bayyane yake. Malamin da ya yi shekara 2 da ɗalibi, ya san wahalarsa da iyalinsa da bashin da ya ci don biyan kuɗin karatu, da wuya ya iya ce masa bai ci ba. Makarantar kuma da kuɗin ɗalibai take rayuwa, yawan masu cin jarrabawa shi ne tallarta. Wannan ba zargin rashin gaskiya ba ne ga kowa. Halin ɗan Adam ne, kuma Bahaushe ya riga ya ce yabon kai jahilci. Mai awo daga waje ba shi da abin da zai samu ko ya rasa in ɗalibi ya wuce, shi ya sa maganarsa ke da nauyi a wurin wanda bai san makarantar ba.

Bayan makaranta akwai ƙofar ƙungiya. BACP, wadda aka kafa a 1977 kuma take da mambobi sama da 60,000, tana neman karatun shekara 1 cur ko shekara 2 na wani ɓangaren lokaci, tare da aƙalla awa 100 na zama da masu neman shawara ƙarƙashin kulawar wani gwani. Wanda ya fito daga horon da ƙungiyar ba ta tantance da kanta ba, sai ya zauna wata jarrabawa tata inda ake gabatar masa da misalan matsaloli a ga yadda zai yanke shawara, kafin sunansa ya shiga kundi. Mai neman daraja ta gaba kuwa sai ya nuna awa 450 na karatu da awa 450 na aiki, ya kuma riƙa kai aikinsa gaban mai kula da shi aƙalla awa 1 da rabi kowane wata.

Duk da wannan tsari, akwai giɓi guda uku da masu suka ke nunawa. Na farko, jarrabawar rubutu tana auna iya rubutu ne. Mutum na iya tsara amsa mai kyau alhali bai iya yin shiru ya saurari mai kuka ba, wani kuma ya iya sauraron amma alƙalami ya kayar da shi. Na biyu, baƙo yana ganin ɗan abin da aka ɗiba ne kawai, cikin ɗan lokaci, kuma makarantar da ake bincika ita ce ke biyan hukumar da ta turo shi. Na uku, wanda ya fi sauran girma, shi ne cewa rajistar ta ganin dama ce: wanda aka kora daga kundi saboda laifi yana iya ci gaba da karɓar jama'a washegari, doka ba ta hana shi ba. A watan Fabrairu na 2023 ƙungiyoyi 6 suka amince da wani tsari na bai ɗaya mai suna SCoPEd, wanda ya kasa ƴan sana'ar gida 3 bisa horo da gogewarsu. Wasu sun yi marhabin da shi, wasu kuma suka ce ya fifita masu halin biyan dogon karatu. Ko ta yaya dai, bai taɓa wanda ya ƙi shiga kowace ƙungiya ba.

Faransa ta bi ta ƙofar doka. Tun ranar 25 ga watan Yuli na 1985 aka keɓe sunan masanin halayyar ɗan Adam ga masu takardar jami'a, dokar 9 ga watan Agusta na 2004 da ƙudurin gwamnati na 20 ga watan Mayu na 2010 kuma suka yi haka ga sunan mai jiyyar hankali ta hanyar zantawa. Amma da aka rufe wannan ƙofa sai waɗanda ba su cika sharaɗi ba suka ɗauki wasu sunaye da dokar ba ta ambata ba, suka ci gaba da aikinsu. Darasin ƙasashen biyu ya haɗu a wuri ɗaya: awo ba tare da doka ba ba shi da haƙori, doka kuma in suna kawai ta tsare, ana iya zagaye ta.

Wannan ƙa'ida ta mai awo daga waje ba baƙuwa ba ce a Nijar. Duk wanda ya zauna jarrabawar BEPC ko ta bakaloreya ya san ana ɓoye sunan ɗalibi kafin takardarsa ta je hannun mai gyara. A birnin Yamai ne kuma shugabannin ƙasashe suka kafa hukumar CAMES a 1968, wadda yarjejeniyar Lome ta 1972 ta ɗora wa aikin tantance takardun manyan makarantu tsakanin ƙasashe mambobinta. Abin da ya rage shi ne takardun da ke ƙasa da wannan mataki. Tun lokacin da aka buɗe wuraren gwajin cutar sida, da kuma tun 2015 da hare-hare suka raba dubban mutane da gidajensu a jahar Difa, buƙatar masu sauraro da kwantar da hankali ta ƙaru, kuma da yawa daga cikinsu ta gajeren horo suka shigo aikin.

Saboda haka ya kamata ma'aikacin gwamnati da aka miƙa wa irin wannan takarda, ko ta gida ko ta ƙetare, ya nemi amsar abu huɗu: wace hukuma ce ta ba da ita, shin wani wanda ba na makarantar ba ya duba aikin mai ita, awa nawa ya yi yana aiki ƙarƙashin kulawar gwani, kuma ina ake kai ƙararsa in ya ci amana. Takardar halartar taron kwana 5 tana shaida zuwa ne kawai, ba ta shaida iyawa. Mai damuwar da ya buɗe cikinsa ga baƙo ba shi da halin yin waɗannan tambayoyi, don haka wajibi ne hukuma ta yi su a madadinsa tun kafin a rufe ƙofa.