Tsohon Bashi Cikin Sabon Kati

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, amma hanji in ya kumbura yakan kai mai shi kushewa. Abin da ya jawo wannan magana shi ne wata dabara da bankunan Amurka da Ingila ke talla, wadda ta shafi ’ya’yan Hausawa mazauna Niyok da Landan, masu karatu da masu neman abinci, har kuwa ta shafi iyayensu na gida da ke jiran aike.

A waɗancan ƙasashe akwai abin da ake kira katin bashi. Bank of America ya fitar da nasa a shekarar 1958, shi ne ya koma Visa a 1976, bankin Barclays kuwa ya kawo irinsa Ingila a 1966. Mutum ya ɗauki kaya a kanti, banki ya biya masa. In ƙarshen wata ya mayar da kuɗin duka, shi ke nan. In ya bar saura, sai a ɗora masa kuɗin ruwa, ruwan nan kuma ya yi ta haihuwa. A shekarar 2023 bashin katin da ke wuyan mutanen Amurka ya haye dala tiriliyan 1, a 2024 kuwa matsakaicin ruwan da ake ɗorawa ya wuce kashi 20 cikin 100 a shekara.

To, ga dabarar. Wani banki dabam sai ya ce wa mai bashi ya kwaso bashinsa ya kawo kan sabon kati. Shi zai biya bankin farko, sa’an nan ya ɗaga masa ruwa har tsawon wani wa’adi, sau da yawa wata 12 zuwa 21 a Amurka. Abin da zai karɓa tun farko shi ne la’ada, galibi kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na bashin da aka kwaso.

A ɗauki misalin wanda ake bi dala 6,000 da ruwan kashi 22. Ruwa kaɗai yana cin dala 110 a watan farko, uwar kuɗi ba ta motsa ba. In ya so ya gama biya cikin wata 18 a tsohon katinsa, zai zuba ruwa kusan dala 1,100. In ya kwashe bashin bisa la’adar kashi 3, watau dala 180, sai ya zama ana binsa 6,180. Ya raba ta gida 18, ya riƙa ba da kamar dala 344 kowane wata, ya fita ke nan, ya tsirar da fiye da dala 900. Lissafin daidai ne, babu mai musunsa.

Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Banki ba gidan sadaka ba ne, ya san halin ’yan Adam kafin ya buɗe wannan ƙofa. Ya san da yawa za su ga ruwa ya ɗauke su zaci bashi ya ɗauke, su riƙa ba da ɗan abin da aka ƙayyade mafi ƙaranci, har wa’adi ya cika musu da rabin bashi a ka, ruwa ya dawo da ƙarfinsa. Ya san tsohon kati da aka wanke yana nan cikin aljihu yana kiran mai shi, kafin shekara ta kewayo bashi ɗaya ya zama biyu. Ya san kuma sabon saye da aka yi da sabon kati sau da yawa ba ya cikin rangwamen. Mai jinkirin biya shi ma yana iya rasa rangwamen gaba ɗaya: dokar katin bashi ta Amurka ta 2009 ta yarda a janye shi in jinkiri ya kai kwana 60. Wanda ya shiga ba da shiri ba, gudun gara ya yi ya tad da zago.

Saura hukuncin shari’a, wanda shi ne babba. Wasu sukan ce ai wannan hawala ce, hawala kuwa halal ce. Wannan kuskure ne. Hawala a wurin malaman Malikiyya ita ce wanda ake bi ya tura mai binsa ga wani na uku wanda shi ma yake bi bashi, bashin nan biyu kuma su zama daidai a jinsi da adadi, babu ƙari. A nan kuwa mai katin ba ya bin banki na biyu ko anini. Rance ne sabo aka ba shi ya biya tsoho, aka yanki la’ada gwargwadon yawan kuɗin, aka kuma rubuta sharaɗin ruwa bayan wa’adi. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa katin bashi mai sharaɗin ruwa bai halatta ba, ko da mai shi ya yi niyyar biya kafin ruwa ya hau. Saboda haka wanda Allah ya tsare bai shiga ba, kada talla ta ruɗe shi.

Amma wanda ya riga ya faɗa rijiya ba a tsaya yi masa wa’azin haɗarin rijiya, igiya ake nema. Wajibinsa shi ne tuba da fita ta hanya mafi kusa. Ya fara da ƙofofin da ba su da shubuha: rance mai kyau daga ’yan’uwa, kwasar farko a adashi, sayar da abin da ba lalura ba. Ya sani kuma wanda bashi ya danne yana cikin mutum takwas da aka ambata cikin Suratut Tauba masu haƙƙi a zakka, ba abin kunya ba ne ya kai kukansa masallacin unguwarsa. A Ingila akwai StepChange da Citizens Advice masu ba da shawara kan bashi kyauta.

In duk waɗannan sun toshe, ya rage masa zaɓi tsakanin ruwa mai gudu kowane wata da la’ada guda mai iyaka, to ƙa’idar malamai ita ce a ɗauki mafi sauƙin cuta biyu. Ya kai maganarsa gaban malamin da ya san halin ƙasar, sa’an nan ya riƙe sharuɗɗa huɗu. Ya raba bashin bisa watannin wa’adi tun ranar farko. Ya sa almakashi ya yanke tsohon kati. Kada ya sayi ko allura da sabon. Kada ya bar ranar biya ta wuce. Wanda ba zai iya riƙe huɗun nan ba, sabon kati sabon rami ne gare shi.

Kalma ta ƙarshe ga mutanen gida take. Ba duk kuɗin da ke zuwa daga Turai gumi ne ba, wani bashi ne da ɗa ya ci don kunyar ya ce wa mahaifi babu. Kafin a buga waya a nemi na biki, da na lefe, da na suna, a tambaye shi halin da yake ciki. Ragon da aka yanka da kuɗin ruwa, an cinye nama a rana ɗaya, mai shi yana biya shekara uku.

Allah shi warware wa masu bashi, shi wadata bayinsa da halal, amin.