Waƙar Haya Tana Buƙatar Lissafi

Duk wanda ya bi ta unguwar Gaweye da safe, daga bakin gadar Kennedy zuwa ofisoshin gwamnati, zai ga ma'aikata da ɗalibai masu ƙetarawa zuwa jami'ar Abdou Moumouni, da yawa daga cikinsu wayar salula a aljihu, waƙa a kunne. Wannan al'ada ta shigo birnin Yamai ta zauna, kuma tana cin kuɗin da mutane ƙalilan ne suke lissafawa.

A shekarun baya mai son kiɗa yakan jira shirin Muryar Sahel, ko ya sayi kaset a Babbar Kasuwa. Daga baya aka koma cika katin waya da waƙoƙi a wurin masu turawa. Abin da mutum ya biya a lokacin ya zama mallakarsa. Yau kamfanoni haya suke bayarwa ta intanet, ranar da mutum ya daina biya a rufe masa ƙofa.

Kamfanonin suna da yawa. Spotify na ƙasar Suwidin ya fara aiki a 2008, ya iso Nijar a 2021. Deezer na Faransa ne, an buɗe shi a 2007. Audiomack na Amurka ya fito a 2012. Boomplay ya fara a Najeriya a 2015, kuma yakan zo cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel tun daga kanti. YouTube kuwa yana haɗa waƙa da hoto. Galibinsu suna da hanya biyu: ta kyauta wadda ake katse waƙa da talla, da ta biyan wata-wata wadda babu talla, kuma mutum yana iya ajiye waƙa a wayarsa ya saurara ba tare da intanet ba.

Abu na farko da ya kamata a duba kafin zaɓe shi ne ko kamfanin yana da waƙoƙin da ake so. Ana samun Bombino da Mdou Moctar da Tal National cikin sauƙi, domin kamfanonin waje sun buga waƙoƙinsu. Tsofaffin makaɗan gargajiya da gidan rediyon ƙasa ya ɗauka kuwa, da wuya a same su. Biyan kuɗi a rumbun da ba ya da hatsin da gida yake ci asara ce.

Abu na biyu shi ne kuɗin wata. Misali, wanda yake biyan jika 2 kowane wata ya fitar da jika 24 a shekara. Idan kamfani biyu ya shiga a kan wannan farashi, jika 48 ke nan. Akan jawo mutum da watan gwaji na kyauta, idan ya ƙare a fara cirar kuɗi ba tare da an sake tambayarsa ba. Wanda ake caja da dalar Amurka kuma farashinsa yana hawa yana sauka, saɓanin yuro wanda yake tsaye a kan kusan sefa 656.

Abu na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne kuɗin intanet da ake biyan Airtel ko Moov Africa ko Zamani ko Niger Télécom. Waƙa mai matsakaicin inganci, kilobit 96 a daƙiƙa, tana cin kimanin mega 43 a awa ɗaya. Mai kilobit 160 tana cin mega 72, mai 320 kuwa mega 144. Ke nan wanda yake sauraron awa 2 kullum a kan kilobit 160 yana ƙone fiye da giga 4 a wata, ko da bai biya kamfanin waƙa ko dala ɗaya ba. Hoton bidiyo ya fi haka ci nesa ba kusa ba. Hausawa sun ce yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

Maganin yana hannun duk wanda ya fito makarantar yaƙi da jahilci. Littafi ɗaya ya isa, a ja layi huɗu: sunan kamfani, ranar cirar kuɗi, adadin da aka cire, da kuɗin intanet na watan. A ƙarshen wata a tara, a gwada da kuɗin cefane da na makarantar yara. Kamfanin da aka yi wata guda ba a buɗe ba a soke shi kafin ranar cira. A rage ingancin sauti, a ajiye waƙar da ake maimaitawa, kuma mutanen gida ɗaya su duba tsarin iyali da wasu kamfanoni suke da shi, wanda ya fi arha a kan kowa da nasa.

Akwai kuma batun makaɗa. Spotify yana ba masu haƙƙin waƙa kimanin kashi biyu cikin uku na abin da ya samu. Ana tara kuɗin kowace ƙasa, a raba gwargwadon yawan sauraro, saboda haka idan waƙar waje ƴan Nijar suka fi ji, waje kuɗinsu zai tafi. Tun 2024 kuma waƙar da ba ta kai sauraro 1000 cikin watanni 12 ba, ba a biyanta komai. Ƙaramin makaɗin Tawa ko Damagaram yana iya fita hannu rabbana.

Don haka akwai aiki a gaban hukumomi. Ya kamata ARCEP mai kula da sadarwa ta tabbatar ba a sabunta wa kowa biya ta kuɗin wayarsa sai an aiko masa da saƙo a harshen da yake ji. Ofishin BNDA mai kare haƙƙin masu fasaha ya wayar da kan makaɗa a kan yin rajistar waƙoƙinsu. Gidan rediyo da talabijin na ƙasa kuma ya adana tsofaffin faifan irin su Ɗan Gurmu da Mamman Barka ta hanyar zamani, ya buɗe su ga jama'a, domin ƴan ƙasa su sami kiɗan iyayensu a gida, magadan makaɗan kuma su sami haƙƙinsu.