Jigawa Golden Stars Da Maganar Filin Gida

A shekarar 2019 ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Jigawa Golden Stars ta sake hawa babban rukunin ƙasar nan, amma a 2021 ta faɗo tare da Adamawa United da Warri Wolves da Ifeanyi Ubah. Ɗora wa 'yan wasa laifi ba wuya. Amma fa a tuna, a kakar da ta faɗo, wasanninta na gida a Kaduna ta yi su. Ina ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci na Dutse ya ga kuɗin motar zuwa can?

Tun da yake ƙungiyar ta Gwamnatin Jiha ce, wajibi ne hukuma ta tabbatar filin Dutse ya cika sharuɗɗan gasar kafin a sayi ɗan wasa ko ɗaya.